Amsar tambayarka kan bindigar iska

Ƙanena, na ga saƙonka kan hoton yarona riƙe da bindiga a bayan gida. Kwantar da hankalinka, ba ta albarushi ba ce irin ta maharbanmu, bindigar iska ce mai ɗan harsashin dalma, faɗinsa milimita 4.5. A nan jihar Ohayo ta Amurka yawancinmu da ke da ɗan fili muna shuka tumatir da yakuwa, kurege da zomo kuwa ba sa barinmu, shi ya sa wasunmu ke ajiye ta.

Ka tambayi wadda ta fi saiti, mai famfo ko mai karyawa. Na riƙe duka biyun. Mai famfo, irin Daisy 880, buga mata iska ake yi kamar tayar keke, har sau 10. In ka ja kunama iskar ce kawai ke fita, bindigar ba ta zabura, bututunta kuma a kafe yake. Shi ya sa yaro ke saurin ƙwarewa da ita. Sharaɗinta ɗaya: in sau shida ka buga ɗazu, yanzu ma shida, in ba haka ba harsashin ya sauka sama ko ƙasa. Sai dai kafin ka gama bugun harbi na biyu kana haki, kurege ya haye bishiya.

Mai karyawa kuwa sau ɗaya za ka lanƙwasa bututun, sifirin da ke cikinta ya ɗanu. Amma a nan aikin yake. In ka harba, sifirin yana tura fistin da ke matse iska gaba, bindigar ta yi baya ta dawo gaba, duk kafin harsashi ya bar baki. In ka damƙe ta kamar fartanya, ba za ka taɓa samun wuri ɗaya sau biyu ba. Ɗora ta ake yi a tafin hannu a buɗe, a bar ta ta yi rawarta, riƙon kuma kullum iri ɗaya. Wannan girgizar har madubin hange mai araha take lalatawa. Wanda ya iya ta, musamman ƙirar Jamus irin Weihrauch, zai doke mai famfo a nesa. Ga ɗan koyo a taku 20 dai, mai famfo nake ba shi.

Abin da ba ma wasa da shi a nan shi ne fita da ita. Dokar tarayya ba ta ɗauke ta kamar bindigar albarushi ba, amma garuruwa da yawa sun hana harba ta a cikin gari. A 2014, a Beavercreek nan jiharmu, 'yan sanda suka harbe wani baƙar fata, John Crawford, yana riƙe da bindigar iska da ya ɗauko a kan kantar shago. Tun daga nan yaranmu ba sa taɓa ta sai uba na tsaye, kuma ba ta ƙetare ƙofar gida sai a cikin jaka, a bayan mota.

Ka gaida Inna.