Tambayi Bakanike: Tsatsa ta ci casis ɗin akori-kurata, a yi walda ko in haƙura?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Oga, ya aiki ya iyali. Don Allah shawara nike nema kan motar da Baba ya bar muna, Hilux ce tsohuwar yayi mai gida guda, 'yar Beljiyam anka sayo ta tun ina firamare. Da ita nike kwaso shinkafa daga fadama, in damina ta kama in ɗauki taki, ranar kasuwa kuma in yi lodin albasa daga Aliero zuwa Jega. To satin da ya wuce na kai ta canjin sifirin, yaron gareji ya shiga ƙarƙashi sai ya ce in zo in gani, wallahi ƙarfen casis wajen tayar baya ta hannun direba ya yi ɓawo-ɓawo, ya sa sukudireba sai ta shige ciki. Wani mai walda ya ce aikin awa biyu ne zai ɗora filet bisa ya liƙe, wani kuma ya ce in saida ma 'yan gwangwan kawai. Inji lafiya lau ko hayaƙi ba ya yi. Mi za ni yi? Kuɗina ba su da yawa kuma da motar ga gidanmu ke ci. Daga mai karatu a Jega.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. Kafin komai don Allah ka dakatar da lodi, ko buhu biyar kar ka sake ɗora mata sai an duba ta, musamman ranar kasuwa da mutane ke hawa saman kaya. Na taɓa tsayawa kan wata akori-kura da ta karye a hanya da lodin albasa, gidan direba da bodin baya sun haɗe da ka ta sama tsakiya ya zauna ƙasa, buhuna sun watse har cikin gona, wani dattijo na zaune gefen titi riƙe da ƙafarsa. Da na leƙa ƙarƙashi sai na ga filet ne aka ɗora kan ruɓaɓɓen ƙarfe aka shafe da baƙin fenti, waldar tana nan ba ta saki ba, ƙarfen da aka liƙa ta jikinsa ne ya yage kamar takarda. Irin aikin awa biyun da aka yi maka tayi ke nan, kar ka yarda da shi ko kyauta ne.

Amma kuma kar ka yi saurin kai ta gwangwan. Casis ana gyara shi, kuma gyara mai kyau yana riƙewa shekaru, sai dai sai an san iyakar ɓarnar tukuna, domin abin da ido ya gani kaɗan ne. Casis ɗin Hilux ƙarfe ne dogaye guda biyu da aka haɗa da wasu a gicciye kamar tsani, kuma rufaffe ne kamar akwati, cikinsa rami. Laka da ruwa suna shiga ta hujojin jikinsa su kwanta, ƙananan hujojin da aka bari a ƙasa don ruwa ya fita su toshe, sai tsatsa ta fara ci daga ciki tana fitowa waje. Duk sanda ka ga huji a waje to ciki ya daɗe da lalacewa.

Kuma motarka abu uku suka taru mata. Na farko 'yar Beljiyam ce, a Turai da Amurka gishiri suke watsawa kan titi lokacin sanyi don ya narkar da ƙanƙara, to da yawan motocin nan da cutarsu suke isowa tun daga tashar jirgin ruwa. Ko kamfanin Toyota da kansa abin bai bar shi ba, a 2016 ya amince da sasantawa ta kusan dala biliyan 3.4 a Amurka kan casis ɗin motocinsa Tacoma da Tundra da Sequoia da tsatsa ta ci. Na biyu lakar fadama, tana maƙalewa ta riƙe danshi wata da watanni ko bayan ruwa ya ɗauke. Na uku kuma wanda mutanenmu ba su cika kula da shi ba, takin zamani. Yuriya da NPK suna jawo raɓa, in buhu ya yage ya zube a bodi ruwan sama ya wanke shi ya gangara kan ƙarfe, cin da yake yi bai da bambanci da na gishiri. Takin gida ma haka.

Ga yadda za ka yi. Kai ta wajen wanki mai injin feshi a wanke ƙarƙashin sosai, a zura tiyo cikin hujojin casis har sai ruwa ya fito fari. In ta bushe a hau da ita kan rami, in da hali ma a kwance bodin baya a ajiye gefe, notina ne kawai ke riƙe da shi kuma sai an ɗaga shi ake ganin saman ƙarfen inda laka ta fi kwanciya. Sai ka ɗauki hama da kanka, kar ka bar wa yaro, ka bi ƙarfen nan daga gaba har baya kana bugawa taki-taki. Lafiyayyen ƙarfe ƙara yake yi ƙal-ƙal hamar ta dawo maka, ruɓaɓɓe kuwa za ka ji ɗuf kamar ka bugi bangon laka, ɓawo ya riƙa zubowa. Duk inda ka ji haka ka zagaye da alli. Ka fi matsa wa wurin da sifirin ke ratayawa gaba da baya, da inda ƙarfen ya lanƙwasa ya haye saman aksul, da bayan tankin mai, da inda aka ɗaure akwatin sitiyari, da ƙafafun da gidan direba ke zaune a kai.

Yanzu ka koma baya ka kalli allin. In wuri ɗaya ne ko biyu, tsawonsa bai wuce taki ɗaya ko kamu ba, sauran ƙarfen na ƙara lafiya, to gyara ya halatta. In kuwa alli ya bi ɓangare biyun duka, ko sama da ƙasan ƙarfen sun cinye ba gefe kawai ba, ko motar ta riga ta sunkuya har tazarar da ke tsakanin gidan direba da bodi ta canza, ko wurin sitiyari ya ruɓe, ni dai ba zan sa hannuna a yi faci ba. Nan sai dai a nemo wani casis lafiyayye na irin motar, wanda haɗari ya kashe bodinsa ko injinsa ya mutu, a juye komai a kai. Aiki ne na kwanaki amma tunda ka ce injinka lafiya yake ya fi maka sayen wata motar. Abu ɗaya, lambar casis a jikin ƙarfen take a buge, in an canza to takardunka ba za su yi daidai da motar ba, ka karɓi rasit da takardar cinikin wanda ka saya ka je ofishin lasin a daidaita, kar wata rana a tsare ka a hanya a ce motar sata ce. Ko faci za a yi ma ka nuna wa mai walda inda lambar take kar giranda ta bi ta kanta.

In faci ne, to ka zauna a wurin ka ga aikin da idonka. A cire kan batir, a sauke tankin mai gaba ɗaya a kai shi nesa, wallahi kar wani ya ce maka jiƙaƙƙen buhu ya isa a rufe shi, tanki mai ɗan sauran fetur ya fi cikakke haɗari don tururin ne ke kamawa. A janye fayif ɗin birki da na mai da wayoyin da suka bi jikin ƙarfen. A tokare motar a kan shimfiɗaɗɗen wuri gaba da bayan inda za a yanka yadda nauyi ba zai hau wurin ba, a auna da tef a gicciye daga kusurwa zuwa kusurwa a rubuta, don in an gama a sake aunawa, in ba haka ba za ka samu mota mai tafiya a karkace tana cin taya.

Sannan a yanke ruɓaɓɓen duka, a ci gaba da yanka har sai an kai ƙarfe mai sheƙi mai cikakken kauri, ko da ramin ya ninka yadda ka zata. Nan ne masu mota ke karaya su ce ya isa haka, to bai isa ba sai giranda ta nuna farin ƙarfe. A share cikin akwatin ta wannan ramin, za ka sha mamakin ƙasar da za ta fito, wani lokaci har da tsabar shinkafa. Abin da za a cike gurbin da shi ya zama kaurinsa ɗaya da na casis, yawanci wajen milimita 3 ne amma a auna, kuma mafi kyau a yanko daga wani tsohon casis mai lafiya. Ban da rodi, ban da ƙarfen gado, ban da gwangwanin duro. Ƙarfe mai kauri fiye da kima shi ma ba gwaninta ba ne, casis yana ɗan lanƙwasawa in mota na tafiya, in wuri ɗaya ya sandare sai tsagewa ta fito a bakinsa.

Kar a yanka a miƙe daga sama zuwa ƙasa, a yi shi a karkace, kusurwoyi a zagaye su. Bayan an liƙe facin an goge, sai a ɗora wani filet a gefe ya haye wurin ya wuce shi ta kowane ɓangare, a yanka shi da tsini gaba da baya kamar kwalekwalen Yawuri, don nauyi ya rarrabu maimakon ya taru a layi ɗaya. Kuma kar a ja walda a gicciye kan saman ƙarfen ko ƙasansa, nan ne ya fi ɗaukar wahala. Waldar lantarki za a yi, ta kabaid ta fanalbita ce, zafinta na bazuwa ya raunana ƙarfe. Yawancin masu waldarmu sandar walda mai lamba 6013 suke amfani da ita ta ƙofa da taga, in ka samu wanda ya iya 7018 kuma injinsa na ɗauka ta fi dacewa da wurin ɗaukar nauyi, sai dai ba ta son danshi ko kaɗan, a sayo sabuwa a kwalinta. A riƙa yi kaɗan-kaɗan ana barin wurin ya huce da kansa, kar a watsa ruwa. Ka nemi mai waldar da ya saba da tirela da tifa, ka fara tambayarsa yadda zai yi, in ka ji bai ambaci yanka ba ka yi masa sallama cikin mutunci.

In an gama a kankare da buroshin waya, a shafa jan fentin nan na hana tsatsa, a bi da baƙi, cikin akwatin kuma a fesa mai ya ratsa, a buɗe hujojin fitar ruwa da waya. Daga nan duk ranar da ka ɗauki taki ka shimfiɗa tamfol, ka wanke bodi a ranar. Allah ya ba da sa'a ya sa albarka a nema, ka sake rubuto min yadda allin ya nuna.

TAMBAYA: Oga barka da aiki. Mu nan in damina ta matso baƙin mai muke fesa ma ƙarƙashin mota, yana da amfani ko ɓata lokaci ne? Daga direba a Yawuri.

AMSA: Barka kadai direba. Yana da amfani in ƙarfen lafiyayye ne kuma an wanke shi ya bushe kafin a fesa, don mai yana hana ruwa zama. Kan laka in ka fesa ka rufe danshi ne a ciki. Ka kiyaye shi daga birki da salansa, da robobin sifirin da tiyon birki domin yana kumbura roba ya lalata ta, kuma a shimfiɗa wani abu a ƙasa, kar a yi a bakin gulbi inda zai gangara ruwan da mutane da dabbobi ke sha. In kuma sayen tsohuwar akori-kura za ka yi ka ga ƙarƙashinta ya sha sabon baƙin mai ko fenti yana ƙyalli, ka ce a ba ka hama ka shiga ka buga kafin a fara maganar kuɗi.