Zauren Tambaya: Saƙon Murya, Jinjirin Wata da Aradu

Wasiƙun wannan fitowa uku ne, duka daga jihar Tawa, kuma kowacce gardama ce tsakanin mutanen gida ɗaya.

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni tela ne a cikin garin Tawa. Kwanakin baya wani saƙon murya ya shigo gurup ɗin unguwarmu na WhatsApp, wata mata tana cewa wani mahauci a kasuwa yana sayar da mushe, har ta faɗi sunansa da inda teburinsa yake. Na tura shi gurup ɗin danginmu da na abokan sana'a don jama'a su yi hattara. Yayana, wanda malamin makaranta ne, ya kira ni ya yi mini faɗa sosai, wai ina iya shiga kaso. Na ce masa ai ba muryata ba ce, ko kalma ɗaya ban ƙara ba, turawa kawai na yi, kuma in maganar gaskiya ce na ceci mutane. Tun ranar gaisuwarmu ta yi sanyi. Wa ke da gaskiya a cikinmu?

Tela, Tawa

AMSA

Wa alaikumus salam, ƙanena. Yayanka ne da gaskiya, kuma ba barazana ya yi maka ba.

Nijar tana da doka kan laifukan da ake aikatawa ta intanet, mai lamba 2019-33, ta ranar 3 ga Yuli 2019. A 2022 an sassauta ta, aka cire ɗauri a kan ɓata suna da zagi, aka bar tara. A watan Yuni na 2024 Janar Abdurahamane Tiani ya sa hannu a kan wani gyara da ya maido da ɗaurin. Wanda ya ɓata sunan wani ko ya zage shi ta waya ko kwamfuta yana iya shan ɗaurin shekara 1 zuwa 3, da tarar sefa miliyan 1 zuwa 5. Wanda ya watsa abin da zai iya ta da hankalin jama'a ko ya taɓa mutuncin ɗan Adam, nasa shekara 2 zuwa 5 ne. A wannan laifi na biyu dokar ta ambaci mutum uku: wanda ya ƙirƙiri abin, wanda ya miƙa wa wani, da wanda ya yaɗa. Dubi inda ka tsaya a cikin ukun nan.

In kana ganin «ba ni na faɗa ba» kariya ce, ga abin da ya faru a Yamai. A watan Janairu na 2022 kotu ta yanke wa ƴan jarida biyu, Musa Aksar da Samira Sabu, ɗaurin je-ka-gyara-halinka. Ba su suka rubuta rahoton da ya jawo shari'ar ba. Wata ƙungiyar bincike ta ƙasashen waje ce ta wallafa shi, a kan fataucin ƙwaya, su kuma suka sake yaɗa shi. Waɗannan mutane ne da ke da lauyoyi, duniya ta san da su, ƙungiyoyi suka yi ta magana a kansu. Tela a Tawa fa, wa zai tsaya masa? Ka kuma tuna layin salularka an yi masa rajista da katin shaidarka. Matar da ta yi saƙon tana iya ɓacewa, domin WhatsApp alamar «an tura» kawai yake nunawa, ba ya faɗin bakin farko. Lambar da mahaucin zai gani a kan saƙon, ya kai komisariya wurin ƴan sanda, taka ce.

Ba na cewa dokar nan ba ta da abin dubawa. Gyaran 2024 ya ce hukuncin ta da hankalin jama'a yana hawa ko da labarin da aka yaɗa gaskiya ne, kuma wannan gaɓar ba ta kwanta mini a rai ba. Ina tsoron ta rufe bakin mai gaskiya tare da na maƙaryaci, kuma ƙungiyoyin kare ƴan jarida sun koka da ita. Amma ƙorafina a kan dokar ba zai fitar da kai daga hannunta ba. Kuma ko da babu doka gaba ɗaya, da maganata da kai ba ta canza ba.

Ka ajiye batun kaso, ka dubi mahaucin. Jarinsa duka sunansa ne. Nama ba atamfa ba ne da za a mayar cikin shago a jira kasuwa ta gyaru; in bai sayar yau ba, a zafin Tawa, gobe asara ce. Sau da yawa ragon ma bashi ya ɗauko a kara, sai ya sayar zai biya. Ga iyali suna jiran cefane daga teburin nan. Kalmar mushe kuwa ba ƙazanta kawai take jingina wa Musulmi ba, cewa take yana ciyar da ƴan'uwansa haramun yana sane. Ka san matar? Ta gani da idonta ne, ko ita ma ji ta yi? Ko sun taɓa samun saɓani a kan ciniki? Ko mijinta ne ke da tebur a gefen nasa? Babu ɗaya da za ka iya amsawa, amma ka ɗauki maganar ka kai ta gaban mutanen da suka yarda da kai. Ƙanwar mahaifiyarka da ta ji saƙon ba matar ta gaskata ba, kai ta gaskata. A cikin Suratul Hujurat an umarce mu da mu binciki labari kafin mu cutar da mutane cikin rashin sani, mu dawo muna nadama. Ayar ba ta ware labarin da ya zo ta salula ba.

Ka ce in gaskiya ne ka ceci mutane. Niyyarka mai kyau ce, ban musa ba, amma hanyar ceton tana nan kusa da kai, ba ka bi ta ba. Mahauta suna da sarkin fawa, kuma babu wanda ya fi shi ƙin a ce ana sayar da mushe a kasuwarsa. Akwai ma'aikatan lafiyar dabbobi da aikinsu ke nan, su duba nama a mayanka su buga masa hatimi, kuma suna da ikon kwashe wanda bai dace ba. Da ka kai musu saƙon, in gaskiya ne da an ɗauke naman a ranar, in ƙarya ne da babu wanda ya ji. Turawa gurup kuwa, in ƙarya ce ta kashe kasuwar bawan Allah, in gaskiya ce ta ba shi damar ɓoye naman kafin a zo.

Yanzu abin yi. Goge saƙo ga kowa yana yiwuwa ne cikin kusan kwana biyu, kai kuma lokacin ya wuce maka. Don haka ka yi saƙo da muryarka, ka saka shi a gurup biyun nan, ka ce ka tura magana ba tare da ka tabbatar ba, ba ka da shaida a kan mutumin, kana roƙon kada kowa ya ƙara turawa. Magana zarar bunu ce, ba duka za ta dawo ba, amma wanda ya ji na farko daga gare ka ya ji na biyu daga gare ka. Sannan ka je wurin Yaya da ƙafarka. Shi zai fi sanin ko ya dace ku tafi tare wurin mahaucin.

TAMBAYA

Malam, ina gaisuwa. Ni matar aure ce a Birnin Konni. Duk shekara in azumi ko salla ta zo sai gidanmu ya rabu. Maigidana yana jiran sanarwar Yamai. Mahaifina ya ce in Sakkwato ta ga wata shi ya gama. Ɗana kuma ya buɗe salula ya ce lissafi ya nuna ba yadda za a yi a ga wata a daren. In jinjirin ya fito da kauri sai Baba ya ce: kun gani, ɗan kwana biyu ne, kun ci azumi. Ni ce ke tsakiya, ga tukunya biyu. Lissafin nan gaskiya ne?

Uwargida, Birnin Konni

AMSA

Hajiya, Allah ya ƙara haƙuri. Lissafin gaskiya ne, amma ɗanki ya ɗora masa kayan da ba nasa ba, Baba kuma ya ƙi karɓar wanda yake nasa.

Daga haihuwar wata, wato lokacin da yake shiga tsakanin rana da duniya, zuwa ta gaba kwana 29 ne da awa 12 da minti 44, in an daidaita. Shi ya sa watanninmu ke zuwa 29 ko 30, shekarar ta tashi kwana 354, azumi ya riƙa matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara. Masana taurari suna sanin lokacin haihuwar har zuwa minti, da lissafin da suke faɗin husufi shekaru kafin ya faru, kuma ya faru a kan lokacin. Suna kuma sanin ƙarfe nawa wata zai faɗi a kowane gari. Idan lissafi ya nuna wata ya riga rana faɗuwa a Konni, to babu jinjiri a sama, ko idon mutum ya kai na shaho. Wanda ya rantse ya gani ba dole maƙaryaci ba ne. Zara tana haske a yamma a wasu watanni, siririn girgije yana ɗaukar hasken rana, farin layin da jirgin sama ke bari ma yana ruɗi, ga kuma zuciya da ta ƙosa ta gani.

Inda lissafi ba ya yanke magana shi ne daren da wata yake sama amma siriri ne ƙwarai. Ba a tabbatar ido tsirara ya ga jinjirin da bai kai awa 15 da haihuwa ba. Daga nan zuwa sama abin ya dogara da tsayinsa daga ƙasa, da hazo, da hadari, da idon mai dubawa. A lokacin hunturu, in ƙura ta rufe Adar, wata yana nan amma ba mai ganinsa.

Batun kauri kuwa, ga yadda yake. A ce an haifi wata da asubahin Litinin, ƙarfe 5. Da magaribar Litinin awa 14 gare shi, bai ganuwa. Da magaribar Talata ya kai awa 38, ya yi kauri, ya daɗe bai faɗi ba. Mai kallo zai ce ɗan kwana biyu ne, alhali daren ne na farko da ido zai iya kama shi. Kaurin jinjiri ba shaida ba ce cewa an ci azumi. Ki gaya wa Baba wannan cikin ladabi, ko ki bar jikansa ya zana masa a ƙasa.

Saura Sakkwato da Yamai. Sararin da ke kan Konni shi ne a kan Illela ta Najeriya, iyakar ba ta kai sama ba. Saɓanin daga masu karɓar shaida yake. A Najeriya Sarkin Musulmi, Muhammadu Sa'ad Abubakar, ke sanarwa bayan kwamitinsa ya tantance. A nan Majalisar Musulunci ta Nijar ke tattara shaidu daga jihohi ta bayyana. Kowane ɓangare da shaidunsa da yadda yake tace su. Ko ganin wata ƙasa yana hawa kan wata, tsohuwar mas'ala ce da malamai suka yi saɓani a kai tun kafin a haifi kakanninmu, kuma hukuncinta nasu ne. Ra'ayina ni, mutumin Konni ya bi sanarwar ƙasarsa, gari ya yi idi rana ɗaya. Abin da nake fata kuma shi ne masu tantancewa, can da nan, su riƙa ajiye lissafin a gabansu, su tambayi mai shaida ƙarfe nawa ya gani, ta wane gefen rana, ƙahonninsa ina suka fuskanta. Shaidar da ta ci karo da faɗuwar wata a mayar da ita.

TAMBAYA

Malam, ni manomi ne a yankin Buza. Ƙanena ya ce salula tana jawo aradu, in hadari ya taso a gona sai ya sa kowa ya kashe tasa, mu fake ƙarƙashin gawo. Ni ban yarda ba.

Manomi, Buza

AMSA

Malam, salula ba ta jawo aradu. Gawon ne abin tsoro. Aradu tana neman abin da ya fi tsayi a fili, kuma itace guda a tsakiyar gona shi ne wannan abin. In ta sauka a kansa wutar tana tsallakawa kan wanda ya jingina, tana kuma bin ƙasa ta kama na kewaye. Haka ake rasa mutane da garken dabbobi a lokaci guda. Salular da ke da haɗari ita ce wadda aka jona a wutar gida ana caji, mutum yana riƙe da ita, don wutar aradu tana iya biyo waya.

In ka ga walƙiya ka fara ƙidaya har ka ji tsawa. Kowane daƙiƙa 3 kusan kilomita guda ne. In ba ka kai 30 ba, ku ajiye hauya ku nufi gida, ko ku shiga mota mai rufin ƙarfe in akwai. In hadarin ya riske ku a fili, ku sauka daga tudu, ku nisanci itace da bakin tafki, ku warwatsu kada ku taru wuri ɗaya.

In ta faɗa wa mutum, Allah ya kiyaye, babu wutar da ta rage a jikinsa. Wasu kan ja da baya suna jiran a kawo madara a zuba kafin a taɓa shi, mintocin nan kuwa su ne rayuwarsa. A taɓa shi nan take. In ba ya numfashi a kwantar da shi rigingine, a ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirjinsa a riƙa dannawa da ƙarfi da sauri, sau 100 zuwa 120 a minti, wani kuma ya kunna salularsa ya nemi abin hawa zuwa asibiti.