Amsa: Zan samu naman da zan ci a bikin gashi na Lexington?

Kana tambaya ko Musulmi zai samu abin ci a bikin gashin nama na Lexington, jihar Karolina ta Arewa a Amurka. Gaskiya da wuya. Bikin da suke yi a watan Oktoba tun 1984 na naman alade ne, musamman kafaɗa: a gasa ta sa'o'i a kan garwashin itace, a daddatsa, a zuba mata ruwan binega da tumatir da barkono.

Ko kaza ka gani a wata rumfa, tambayi mai gashin ko waya ɗaya ya ɗora ta da naman aladen, don na sha ganin kitsen alade yana naso a kanta, wuƙar ma ɗaya ce. Ka ci ka ƙoshi a gida, ka je kallo.