Battar hoda mai hoton Gettysburg: kayan yaƙi ce ko tsaraba?

Malama, kin ce kin sayi tsohuwar battar hoda mai madubi, da hoton filin yaƙin Gettysburg a murfinta, kina tambaya ko daga lokacin yaƙin take, kuma yaya za ki goge ta.

Ba daga yaƙin take ba. An gwabza a Gettysburg a Yulin 1863, lokacin yaƙin basasar Amurka, irin wannan batta kuwa sai daga shekarun 1920 zuwa 1950 ta yi tashe. Tsaraba ce da ake sayar wa masu ziyara. Duba hoton da kyau: in akwai hasumiyar tunawa da zaman lafiya mai wuta a samanta, to ba ta girmi 1938 ba, shekarar da Shugaba Roosevelt ya buɗe ta. Sannan ki nemi sunan kamfani a ciki, kamar Elgin American ko Evans. Da yawa ba su da suna ma.

Wajen gogewa ake yin ɓarna. Kada ki sa Brasso, maganin goge ƙarfe, domin yawancin irin waɗannan battoci tagulla ce mai siririn shafe, yana tafiya darajar ta faɗi. Ki kakkaɓe tsohuwar hodar da burushi mai laushi, kada ki shafa ta a fuska. Madubin kuma auduga mai ɗan danshi kawai. Ruwa in ya shiga bayansa yakan bar baƙin tabo. Soson shafa hodar na asali ki ajiye shi ko ya tsufa, masu saye suna nemansa.

In murfin ya cije, ko kin ga tambarin da ke nuna da azurfa aka yi ta, kai wa masanin kayan tarihi kafin ki taɓa.