Amsa ga ƙanenmu kan log a Node.js: Winston ko Pino?

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da safiya. Wannan amsa ce ga ƙanenmu da ya yi tambaya jiya da daddare. Ya ce manhajarsa da ya gina da Express (kayan gina manhajar yanar gizo a Node.js) tana ta faɗuwa a kan saba, wato kwamfutar da manhajar ke gudana a kai, in ya buɗe abin da console.log ya tara sai ya ga rubutu birjik, amma ya kasa gane inda matsalar ta faro, to Winston zai ɗauka ko Pino, wato laburare biyu na rubuta log, bayanan da manhaja ke ajiyewa kan abin da ke faruwa a cikinta? Na ga rubutu ba zai ishe ni ba, shi ya sa na ce bari in yi murya. Ku yi haƙuri in ta ɗan yi tsawo.

To ƙanena, dukkansu biyun za su yi maka aiki. Winston ya daɗe a fage, kuma da wuya ka haɗu da matsalar da wani bai riga ka cin karo da ita ba. Pino kuma, wanda Matteo Collina yake cikin waɗanda suka samar da shi, an gina shi ne don sauri, kuma shi ne Fastify, takwaran Express, ke amfani da shi tun daga gida. In sabon aiki ne, ni Pino nake ɗauka. In ka tarar da Winston a aikin da ka gada, ka bar shi, gyara saitinsa kawai za ka yi.

Amma fa zaɓen laburare shi ne ƙaramin aikin. Log ɗin nan kana rubuta shi ne saboda mutumin da za a tasa ƙarfe 2 na dare a ce masa kuɗin kwastoma ya fita amma oda ba ta shiga ba. Wannan mutumin, yawanci kai ne da kanka. Duk saitin da zan faɗa, daga nan ya taso.

Ka fara da matakai, wato girman muhimmancin kowane saƙo. A Pino guda 6 ne: trace 10, debug 20, info 30, warn 40, error 50, fatal 60. In ka saita shi a kan info, duk abin da ke ƙasa da 30 ba za a rubuta shi ba. Winston kuwa a juye yake ƙirga nasa, error shi ne 0, har zuwa silly da yake 6. Kada ka kafe matakin a cikin kod. Ka sa ya karanto shi daga LOG_LEVEL, saitin da kake ba manhajar daga wajen kod, ta yadda a kwamfutarka za ka bar shi a debug, a kan saba kuma info. Kuma don Allah, ba komai ne error ba. Wani ya yi kuskuren lambar sirri, wannan ba error ba ne. In ka cika wurin da irin waɗannan, ranar da ta gaske ta zo ba za ka gan ta ba.

Sai yadda ake rubutawa. Pino kowane layi JSON yake fitarwa, wato tsarin rubuta bayanai fili-fili da sunayensu, saboda na'ura ta iya tacewa. In ya yi maka wuyar karantawa, ka sa pino-pretty, mai mayar da shi rubutu mai sauƙin karantawa, a kwamfutarka kaɗai. Akwai wani wuri da mutane ke yawan tuntuɓe: a Pino bayanan ne ke zuwa farko, saƙo ya biyo baya, a Winston saƙo ne farko. In ka kawo salon Winston cikin Pino, sai ka ga bayananka sun yi ɓatan dabo kuma ba wanda ya ce maka uffan. Haka kuma kuskure, ka miƙa shi a ƙarƙashin suna err, Pino zai fito maka da saƙonsa da jerin layukan da ya biyo. A Winston sai ka ƙara format.errors, ka kunna stack, wato jerin layukan nan. In ka yi JSON.stringify, wato mayar da abu JSON, a kan Error kai tsaye, fanko za ka samu, ka gane ko?

Yanzu ga ainihin maganin ciwonka. Mutum 50 suna amfani da manhajar lokaci ɗaya, layukansu sun cakuɗe, ta yaya za ka san wanne na wane ne? Ka sa pino-http, kowace buƙata da ta shigo a ba ta lamba tata. Daga nan ka riƙa rubutu da req.log, wato mai rubuta log na wannan buƙatar, maimakon babban logger ɗin, duk layin da ya fita zai ɗauko lambar. In aka kawo ƙorafi, lamba ɗaya za ka nema, labarin ya fito maka tun daga shigowa har inda ya karye. Wallahi tun da na fara haka ban ƙara kwana ina laluben duhu ba. Af, ka lura da lokaci ma: yawancin saba a UTC suke, wato agogon duniya na bai ɗaya, mu kuma a Najeriya muna gaba da awa 1. In an ce abin ya faru ƙarfe 3, ka duba 2.

Wannan da zan faɗa yanzu shi ya fi damuna, ina roƙon kowa a gurup ɗin nan ya saurara. Na taɓa karɓar aiki daga wani wuri, na buɗe log na tarar ana zuba req.body, wato duk abin da mai amfani ya turo, ɗungurungum. Lambobin sirri, lambobin waya, har da BVN na mutane, duk a fili, kuma kusan kowa a ofishin yana iya buɗe fayil ɗin. Ranar hankalina ya tashi sosai. Waɗannan amanar bayin Allah ce da suka yarda da mu. Ga kuma dokar kare bayanai ta Najeriya da aka sa wa hannu a 2023. Pino yana da redact: ka jera masa wuraren, irin su password da req.headers.authorization da cookie, zai rufe su kafin ya rubuta. Amma abin da ka lissafa kawai yake rufewa, in ka canja sunan wani fili ka manta, zai fita tsirara. Saboda haka abin da ya fi, ka zaɓi abin da za ka rubuta da hannunka, lambar oda, lambar mai amfani, shi ke nan.

Batun inda log ɗin zai zauna kuma, ka bar shi ya fita ta stdout, wato hanyar da console.log ke fitar da rubutu. Tunda ka ce da PM2 kake aiki, wato mai kula da gudanar manhajar a kan saba, shi zai tara maka a cikin babban fayil na .pm2/logs, amma ba ya share tsofaffi da kansa. Ka girka pm2-logrotate, shi zai riƙa share tsofaffin, in ba haka ba wata rana diski zai cika fal, rumbun bayanai ya kasa rubutu, komai ya tsaya. Ka ma duba wannan yau ɗin nan da df -h, umarnin da ke nuna sauran wuri a diski, don yana iya zama shi ke kayar maka da manhajar. Masu Winston kuma akwai winston-daily-rotate-file, ka ce masa ya riƙe na kwana 14.

Ka haɗa fayil guda, logger.js, duk saitin ya zauna a can, sauran wurare su riƙa ɗaukowa daga gare shi. In ka gama ka turo shi nan, amma ka cire duk wani makulli ko lambar sirri tukuna. Bayan la'asar zan duba in sha Allah.