Wa Ya Yi Aikin? Yadda Albaniyanci Ke Ɗaure Aikau a Ganga Dogarau

Tambaya: Malam, ina nazarin ginin jimla, sai na ga an ce Albaniyanci ba shi da aikatau tsirara irin na Faransanci, wanda ba ya nuna mutum ko lokaci. To a jimla mai ganga biyu, wato sassa biyu kowanne da aikatau nasa, ta yaya ake gane cewa mai aikin ganga ta biyu shi ne na ganga ta farko?

Amsa: Ɗalibi, maganar gaskiya ce, amma ga daidaitaccen harshe, wanda aka kafa kan karin Tosk na kudu, aka kuma tabbatar da ƙa'idar rubutunsa a taron Tirana na 1972. Karin Geg na arewa da Kosobo yana da nasa aikatau tsirara, mai farawa da "me", kamar "me shkue", wato tafiya.

A daidaitaccen harshe ana sa ƙwayar "të" gaban aikatau, shi kuma ya ɗauki alamar mutum. "Dua të shkoj" shi ne ina so in tafi. "Dua të shkosh", ina so ka tafi. "Dua të shkojë", ina so ya tafi. Bahaushe ba zai sha wahala a nan ba, domin tsarin "in, ka, ya" namu ne sak. Har korewa ta yi kama: suna cewa "të mos shkoj" da "mos", ba "nuk" ta jimlar labari ba, kamar yadda muke sa "kada" maimakon "ba... ba". Girkanci na yin aikin "të" da "na", Romaniyanci da "să", Bulgariyanci da "da". Ba gado ɗaya ya haɗa su kan wannan ba, zaman tare ne a yankin Balkan.

Inda mutane ke tuntuɓe shi ne zaton cewa duk gangar da ta fara da "të" iri ɗaya ce. Kashi biyu ne, kuma aikatau na babbar ganga ne ke raba su.

Aikatau irin su so, fata da yanke shawara suna sakin ganga ta biyu. "Agimi dëshiron të shkojë" na iya nufin Agim ne zai tafi, ko wani daban, daidai da harshen damon da ke cikin "Audu yana so ya tafi". Ana ma iya fito da aikau, wato mai aikin, a fili: "Agimi dëshiron që Drita të shkojë".

Amma aikatau irin su farawa da iyawa suna ɗaure ta tamau. "Fillova të lexoj", na fara karatu, daidai ne. Ka canza alamar mutum ka ce "Fillova të lexojë", jimlar ta rushe, don ba yadda zan fara aikin da wani ne yake yi. Alamar mutum tana nan a jikin aikatau, sai dai ba ta da 'yancin nuna kowa face aikau na farko. Wannan ne ya girgiza tsohon ra'ayin cewa irin wannan ɗauri sai a aikatau tsirara kaɗai yake faruwa.

Gwaji biyu za ka yi, a jere. Na farko, sauya mutum a ganga ta biyu ka ga ko jimlar ta tsaya. Na biyu, sa kalmomin lokaci masu karo da juna. "Dje vendosa të nisem nesër", jiya na yanke shawarar in tashi gobe, ba ta da aibu. "Dje fillova të lexoj nesër", jiya na fara karatu gobe, ba ta zaunu ba. Masanin harshe mai suna Idan Landau ya gina bayaninsa na 2004 kan wannan bambanci: gangar da ba ta da lokacin kanta ita ce ake ɗaurewa. A ganina gwajin lokaci ya fi amfani, domin shi ne ke nuna dalili, na farko kuwa sakamako kawai yake nunawa.

Ka kula da abu biyu wajen tattara misalai. A aikatau irin "shkoj", siffar da ke bin "të" ta bambanta da ta jimlar labari ne a mutum na biyu da na uku tilo kawai, saboda haka da su za ka yi gwaji. Sannan ka guji "Ai do të shkojë", domin "do të" ita ce alamar lokaci mai zuwa, "do" kuma na nufin yana so, saboda haka jimlar na iya zama zai tafi ko yana so ya tafi.

Idan za ka kwatanta da Hausa, lura cewa a wurin ɗaurin mukan koma ga sunan aiki: na fara karatu, na iya tuƙi. Albaniyanci kuwa yana riƙe da "të" a kashi biyun.