An ba ni manaja amma bashin kawu ya hana ni barci

Salam Anti, don Allah a sakaya sunana. Shekarata 6 ina tallan kemikal a wani kamfani a Kano, soda da alif da kulorin da kayan haɗa sabulu muke kai wa masana'antu a Sharada da Challawa da Bompai, har da masu fiya wata. To watan jiya oga ya kira ni wai zai ba ni manajan sayarwa, yara 5 a ƙarƙashina da mota, amma kamasho ya tafi sai albashi kawai, kuma duk bashin da yaran suka bayar ni za a tuhuma. Wannan ma da sauƙi. Kawuna ƙanin Hajiya yana da ɗan wurin yin sabulu, tunda ya ji labari kullum sai ya kira wai in fitar masa da buhu 40 na soda zuwa bayan sallah, Hajiya kuma ta sa baki ta ce shi ya riƙe karatuna da Baba ya rasu, kuma gaskiya ne, amma fa na san halinsa wajen biya. Wallahi har na fara tunanin in ƙi kujerar in huta.

Amsa:

Wa alaikumus salam ɗana. Ƙin kujera ba zai hana kawu kira ba, ka karɓa da bismillah. Amma ka sani daga yau ba yawan kayan da aka fitar za a auna ka da shi ba, kuɗin da suka dawo ne. Kayan nan yawanci da dala ake shigo da su ta Legas, kuma kai shaida ne kan yadda farashi ya yi tun 2023 da aka saki naira, buhun da ka ba da bashi yau in aka ja ka wata uku kuɗinsa ba lallai ya sayo wani ba. Don haka kafin ka sa hannu ka nemi oga ya rubuta maka: nawa ne iyakar bashi, kwana nawa, wa ke amincewa. Ka kuma nemi ɗan kaso a kan abin da yaranka suka karɓo, kar ka ji kunya, ana yi.

Batun kawu kuwa, buhu 40 na kilo 25 tan guda ne cur, ɗan wurin sabulu me zai yi da shi a lokaci ɗaya? Ga soda da shan danshi, damina na zuwa ta dunƙule masa. Ka faɗa wa oga da bakinka cewa kawunka ne, ya bi layin akanta kamar kowane kwastoma, kai ka cire hannunka. Halaccin da ya yi maka kuma daga aljihunka za ka saka, albashin farko ka saya masa ko buhu 3 ne ka kai masa har gida kyauta. Hajiya kuma ban da waya, ka je ka durƙusa ka ce mata kayan amana ne, in suka maƙale ɗanta za a kai wa 'yan sanda.